Filin Tanti: saƙonninku kan labarin rijiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka kawo kashin ƙarshe na labarin nan da kuka laƙaba ma "labarin rijiya" wayar mujalla ba ta huta ba, saƙon murya kan saƙon murya a WhatsApp, wasu na kuka wasu na faɗa, wasu kuma takarda suka rubuto da bik suka ba mai kai mujalla ya kawo. To wannan karon filin duka na labarin ne, tambayoyin aure da na girki mu tara su zuwa fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Ga wanda bai samu bi ba. Wani Alhaji ne ɗan kasuwar aya da gyaɗa, kasuwa ta juya masa baya bashi ya yi masa katutu, alhali ya riga ya cinye gadon ɗiyar wansa marainiya da ke hannunsa. Sai ya tafi wajen boka can bakin dajin Baban Rafi, bokan ya ce masa akwai tsohuwar rijiya a kangon kakanninsa cikin fadama, inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa Maradi ta hau tudu, ya je da dare ya kira sunan wani na jininsa sau uku a bakinta, abin da ke ciki zai karɓa ya biya shi. Ya kira sunan marainiyar. Kuɗi suka dawo, yarinya ta kwanta tana faɗuwa tana sambatu, mutanen gida kuma suka ɗora ma wata tsohuwa maƙwabciya mai saida ƙuli-ƙuli wai ita ta kama kurwarta. Uwargidan Alhajin ce kaɗai ta ƙi yarda, ita ta bi sawu har gaskiya ta fito. Ƙarshe Alhaji ya tona kansa gaban dangi, ya maida gado, ya tsiyace, yarinya ta tashi amma ƙafa ɗaya ta shanye, tsohuwa ta rasu kafin a wanke ta, boka kuma ya ƙetare iyaka ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Tambaya: Tanti wallahi raina ya ɓaci, mi ya sa marubuciyar ta yi muna haka, wata da watanni muna bi sannan a ce boka ya tsere lahiya lau tsohuwar da ba ta ci ba ba ta sha ba ita ta mutu da baƙin suna, to ina amfanin gaskiya kenan? Ni da ƙawayena mun so a ce rijiyar ta haɗiye shi shi da Alhajin duka, ba an ce alhaki kuikuyo ne ba. Daga wata 'yar lise, unguwar Zariya.

Amsa: Ɗiyata ba ke kaɗai ba ce, fiye da rabin saƙonnin da suka zo wannan kukan suke, kuma ina jin daɗin ɓacin ran naku don alama ce zuciyarku ba ta saba da zalunci ba, Allah ya bar ku a haka. Amma ni dai ina bayan marubuciyar a nan, bari ki ji dalilina.

Ki koma ki duba daren da Alhajin ya tsaya bakin rijiya. Abin da ke ciki bai fito ya shaƙe shi ba, bai yi masa barazana ba, shiru kawai ya yi yana jira. Alhajin ya kira sau ɗaya, ya tsaya, har ya juya zai tafi ya tuna masu bin sa bashi za su zo shago da safe, ya dawo ya cika sauran biyun. Wannan wurin ne ya fi ba ni tsoro a labarin duka, ya fi muryar da ke fitowa daga bakin yarinyar, ya fi sawun ƙafar da ake gani jiƙe a tsakar gida da asuba, saboda mutum ne da hankalinsa, mai sahun gaba a masallaci, aka ba shi damar fasawa ya ƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuma nasa bangon ya tsage tun ranar da ya sa hannu a dukiyar marainiya, shekaru kafin ya san hanyar gidan boka. To da a ce rijiyar ta haɗiye shi, da mun tafa mun rufe mujalla mun ce aljani ya yi aikinsa, shi kenan babu wanda zai dubi kansa. Abin da marubuciyar ta sa shi ya yi ya fi wuya nesa ba kusa ba: ya zauna tsakar gida gaban ƙannensa da surukansa da matan da ke durƙusa masa, ya faɗi da bakinsa abin da ya aikata, ya saida shago da mota ya biya. Ki tambayi kowane magidanci a garin nan wanne ya fi sauƙi, mutuwa farat ɗaya ko wannan zaman.

Maganar tsohuwa kuwa, ɗiyata, ai haka abin yake faruwa. Tsohuwa marar gata, ba ɗa namiji kusa, ido ya ɗan yi ja don hayaƙin murhu, yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin magagi, shi kenan an gama da ita, a daina sayen abinta, a hana yara shiga gidanta, wani lokacin a taru a ce sai ta zo ta tsallake marar lafiya, kuma ko ta tsallaka ko ta ƙi sunan ya bi ta har kabari. Nawa aka taɓa zuwa aka ba haƙuri? Da marubuciyar ta raya ta aka yi mata walima da ta yi mana ƙarya mai daɗi. Ta bar mana ciwon ne don ranar da aka nuna wata a layinku ki tuna tiren ƙuli-ƙulin nan da ya wuni a ƙofar gida ba wanda ya taɓa. Shi kuma boka, irinsa ba sa ƙarewa muddin akwai masu zuwa da jikka goma da baƙin zakara, ya gudu nan ya buɗe can.

Kuma kar ki ce gaskiya ba ta yi nasara ba. Uwargidan nan ba malama ba ce, ba ta da laya ba ta da wani ƙarfi, abin da ta riƙe Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu ne da kuma taurin kai a kan gaskiya, an kira ta mai baƙin ciki, kishiya ta yi mata dariya, mijin ya yi mata barazanar saki, ta ci gaba da kai ma tsohuwar tuwo da dare a ɓoye. Yarinyar na raye saboda ita.

Tambaya: Hajiya, bayan gaisuwa. Ni ina ganin bai dace mujallar da ke shiga gidajen Musulmi ta riƙa kawo labarin bokaye da aljannu ba, wannan koya ma yara shirka ne da tsoron wanin Allah, kuma ƙirƙirarren labari ai ƙarya ce. Daga wani malamin islamiyya, Limanci.

Amsa: Allah gafarta Malam, na gode da nasiha kuma na karɓe ta da hannu biyu, don damuwarku a kan tarbiyya ce. Hukuncin ƙirƙirar labari na bar ma ku malamai, ku kuka san shi, ni abin da ke cikin wannan labarin zan yi magana a kai tunda na karanta shi daga farko har ƙarshe.

Samuwar aljannu dai ba marubuciyar ta ƙago ta ba, sura ta 72 sukutum sunansu take ɗauke da shi, sihiri ma an ambace shi a Baƙara aya ta 102. Abin dubawa shi ne wane matsayi labarin ya ba su. Akwai littattafan da nake ƙin su ƙwarai, irin waɗanda ake yawo da su a guruf-guruf, inda aljani ke sanin gobe, yana azurta wanda ya so, jaruma ta auri ɗan sarkin aljannu ta huta, wannan kam yana sa yarinya ta yi sha'awar abin. A labarin rijiya abin da ke ciki bai san komai ba sai abin da aka gaya masa, ko sunan yarinyar sai da aka kai masa, kuma wannan ya yi daidai da abin da muka karanta a Saba'i aya ta 14, inda aljannu suka yi ta wahalar aiki ba su san Annabi Sulaiman ya rasu ba sai da gara ta ci sandarsa. Kuɗin da Alhajin ya samu ma in kun lura marubuciyar ta nuna daga ina suka fito, ɓoye kaya ya yi lokacin tsada ya tauye mudu, shi ne yake zaton rijiya ce ta ba shi.

Sannan Malam ku kuka karantar da mu hadisin abubuwa bakwai masu halakarwa da ke cikin Buhari da Muslim, sihiri na ciki, cin dukiyar maraya ma na ciki, cikin jeri ɗaya suke. Amma a garin nan in an ce wane na bin boka kowa sai ya yi a'uzubillahi, in an ce wane ya danne gonar marayun wansa sai a ce sha'anin gida ne kar a shiga. Labarin nan ya ɗaure biyun da igiya ɗaya, ya nuna ɗayan ne ya haifi ɗayan. Wata baiwar Allah ta turo mana saƙo ta ce bayan ta karanta ta fasa zuwa wajen mai duba da ƙawarta ke ta jan ta a kan maganar kishiya, ta ce ta san hadisin sallar kwana arba'in da ba a karɓa tun tana ƙarama amma sai yanzu abin ya shige ta. Ni a wajena wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda na yarda da ku ɗari bisa ɗari: ba na ƙananan yara ba ne. Iyaye ku ɗauke shi daga hannun 'yan firamare.

Tambaya: Tanti ni matsalata daban ce, tun da na karanta wurin da abin ya zauna ma yarinyar a ƙirji nima sai ya riƙa faruwa da ni, in farka ina gani ina ji amma ko yatsa ba ni iya ɗagawa, kamar mutum tsaye bakin ƙofa, abokaina na fada sun ce na jawo ma kaina. Don Allah mi zan yi? Daga wani ɗalibi, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Amsa: Ƙanena kwantar da hankalinka, dannau ne, kakanninmu sun san shi kuma mutane a ko'ina cikin duniya na yin sa, har waɗanda ba su taɓa jin labarin rijiya ba. Lokacin da mutum ke cikin barcin mafarki ƙwaƙwalwa kan saki jijiyoyin motsi don kar ya tashi ya aikata abin da yake mafarki, to wani sa'in hankali kan riga jiki farkawa, sai ka ji ka a ɗaure, guntun mafarkin kuma ya biyo ka cikin ɗaki, abin da ka kwanta da shi a rai shi za ka gani. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci ya sake ka, ba ya kisa. Abin da ke kawo shi ƙarancin barci, damuwa da kwanciya rigingine, kai kuma ga karatu ga zaman fada ana zuba shayi na ɗaya na biyu na uku har ƙarfe biyun dare, ka dawo ka buɗe waya kana karanta labarin tsoro cikin duhu. Rage shayin dare, ajiye waya kafin ka kwanta, yi alwala da addu'o'in barci ka kwanta ta gefen dama. In ya zo kar ka yi kokawa da shi, ja numfashi a hankali ka gwada motsa ɗan yatsa. In abin ya yawaita har yana hana ka karatu da rana, je ka ga likita.

Tambaya: Ranki ya daɗe, ni abin da ya dame ni marubuciyar ta haɗa bori da bokan tsubbu ta yi musu kuɗin goro, har ta sa ana kaɗa garaya a gidan bokan ana kiran Doguwa. Mu nan mun san ba haka abin yake ba, ko ba ka yi ai gadon garinmu ne, bai kamata a mai da shi abin tsoratar da yara ba. Daga wani dattijo, Tsibiri.

Amsa: Baba ina gaisuwa, kuma maganarku na da ƙamshin gaskiya. Wanda ya san tarihin yankin nan ya san lokacin da sarakunan Katsina suka baro birni bayan jihadi, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maradi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun taho da tsarin sarautarsu dukansa, ciki har da sarautar mata, Iya a Maradi, Inna a Tsibiri, waɗanda 'yan bori ke ƙarƙashinsu. Abu ne da ake yi a fili da rana tsaka, da makaɗa da 'yan kallo, iskokin ma kowa ya san sunayensu da halinsu, Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Malam Alhaji, Kuturu, da garinsu Jangare, kuma masu yi suna ɗaukarsa neman lafiya ne. Ni Musulma ce ba na yi, ba kuma zan ce ma kowa ya yi ba, malamai sun yi bayani a kai. Amma mutumin da ke zaune shi kaɗai bakin daji yana saida ran marainiya wani abu ne dabam, kuma marubuci in zai taɓa al'adar mutane wajibi ne ya san ta, ko da zai soke ta ne. A nan ta ɗauki hanya mai sauƙi, ta san da an ce garaya da Doguwa gaban mai karatu zai faɗi, sai ta ara. Da ta cire wannan shafin babu abin da zai ragu a labarin, don tsoron gaskiya yana wajen Alhaji. Na isar mata da saƙonku yadda kuka faɗe shi.

Tambaya: Tanti don Allah ki taimake ni, ɗiyata shekararta 13, tana faɗuwa kamar yarinyar labarin nan, ta sandare tana kumfa ido ya juye, in ta tashi ba ta san abin da ya faru ba. An yi ruƙiyya an yi hayaƙi mun kashe abin da muke da shi, an cire ta daga lakwal don yara na gudun ta, yanzu dangin ubanta sun fara zargin wata. Da na karanta labarin sai na ce ko nima wani ya kai sunanta wani wuri. Daga wata uwa, Madarunfa.

Amsa: 'Yar uwa, saƙonki ne ya fi tsaya mini a rai, Allah ya ba ta lafiya ya ba ki ladan jinya. Ki saurare ni da kyau: wancan labari ne, ɗiyarki kuma mutum ce mai rai, kar ki auna ciwonta da shi. Abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da farfaɗiya, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da shi, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai suna sha ba fashi. Yana iya biyo bayan wahalar haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a kai, duk abubuwan da muka sani a yankin nan, wani lokacin kuma ba a gano dalili. Ki tuna ko ta taɓa yin ɗaya daga ciki ki gaya ma likita. Ki fara da majo, wato ma'aikacin jinya mai riƙe da ƙaramin gidan likita na kusa da ku, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai turo ku Maradi. In akwai mai waya a gida ya ɗauki bidiyonta lokacin da abin ya zo, yana taimaka ma likita sosai. Maganin ba a tsaida shi don an ga sauƙi, sai likita ya ce.

In ta faɗi, kawar da wuta da duk abin da zai ji mata ciwo, sa mata zane ƙarƙashin kai, kar a danne ta, kar a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura mata ruwa ko rubutu sai ta farfaɗo sarai, in jijjigar ta lafa a juya ta ta gefe. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba a ɗauke ta sai likita. Kar a bar ta ita kaɗai bakin murhu, bakin rijiya ko bakin tabki, ku da ke kusa da ruwa wannan ya fi komai. Kuma ba a ɗaukarsa, ko ta yawu ko ta cin abinci tare, ki je da kanki ki gaya ma mushen lakwal ɗinsu a maida ta aji. Addu'a ki ci gaba da yi, ba ta hana shan magani.

Zargin da dangin uba suka fara kuwa ki tsaya tsayin daka ki kashe shi tun yanzu, Hujurati aya ta 12 ta hana mu yawan zato. Wannan ma wuri ne da nake da ƙorafi a kan labarin, ya kwatanta faɗuwar yarinyar da alamomin farfaɗiya sak, kuma ba a ga ko sau ɗaya an kai ta likita ba, a gari irin namu da dama an fi saurin cewa iska ce. Na roƙi marubuciyar in za a buga shi littafi ta gyara wurin. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ina jiran labarinta.

Tambaya: Tanti wai da gaske akwai rijiyar, mu da yaran layinmu muna so mu je mu gani, kuma za a yi kashi na biyu? Daga wani ɗan kabu-kabu, Ali Dan Sofo.

Amsa: Ƙanena babu ta, marubuciyar ce ta ƙago ta, abin da ke gaskiya kawai ambaliyar 1945 da tashin gari daga fadama. Kar ku je kuna tattake ma mutane shukar garka kuna leƙa tsofaffin rijiyoyi, bakinsu na zabtarewa kuma iskar ƙasan rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba na iya sumar da mutum. Kashi na biyu kuwa ta ce a'a, labarin ya ƙare inda ya ƙare, wani sabo take rubutawa. Masu neman kashin da suka rasa su tambayi mai kawo musu mujalla, akwai ragowar tsofaffin fitowa a ofis.